Ƙasa a Fuskar Mai Sallah: Abin da Ayuba Sulaiman Jallo Ya Ƙi Sallamawa

A shekarar 1731, a wani tsibiri da ake kira Kent cikin yankin Merilan na Amurka ta yau, akwai wani bawa mai kiwon shanu da ke da wata ɗabi'a wadda mutanen gonar ba su saba gani ba. Idan rana ta kai wani matsayi a sama, sai ya bar dabbobin ya kutsa cikin kurmi, ya tsaya, ya sunkuya, ya kai goshinsa ƙasa, yana motsa baki da harshen da babu mai jinsa a wurin. Wani yaro Bature ya gano inda yake zuwa. Ya riƙa binsa yana leƙensa, yana yi masa ba'a, yana watsa masa ƙasa a fuska. Bawan ba shi da Turancin da zai kai ƙara da shi, kuma ko da yana da shi, babu mai sauraron ƙarar bawa a kan ɗan Bature. Wanda ya rubuta labarin ya ce abin ya faru sau da yawa. Ma'anar wannan ita ce, duk da ya san abin da ke jiransa, mutumin yana komawa kurmin.

Sunansa Ayuba ɗan Sulaiman, Bafillatani daga zuriyar Jallo, wadda Faransawa ke rubutawa Diallo. Turawan Ingila sun san shi da Job ben Solomon. Labarinsa ya shahara saboda yadda ya ƙare: bawan da ke kiwo a Merilan ya je Landan, ya gana da sarauniya, ya koma gida da 'yancinsa. Masu ba da labarin sukan yi sauri su kai ga wannan ƙarshe, su ce ga sakamakon riƙo da sallah. Sai dai wanda ya natsu a kan labarin zai ga cewa darajar sallar Ayuba ta riga ta tabbata tun a cikin kurmin nan, lokacin da babu alamar ceto ko kaɗan, kuma abin da ya biyo baya bai ƙara mata komai ba.

An haifi Ayuba wajen shekarar 1701 a ƙasar Bundu, gabashin Senegal ta yau. Bundu daula ce ta malamai da Malik Si ya kafa a ƙarshen ƙarni na 17, fiye da shekara 100 kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804. Mahaifin Ayuba babban malami ne, kuma a gabansa ɗan ya haddace Alƙur'ani ya koyi rubutun Larabci. Yana da mata biyu da 'ya'ya lokacin da mahaifin ya aike shi bakin kogin Gambiya a farkon 1731, domin ya sayar da bayi biyu ga wani kyaftin ɗin jirgin Ingila mai suna Pike, ya kuma sayo takarda da wasu kayayyaki. Takarda ita ce abin da gidan malamai ke buƙata, mutane biyu kuma su ne kuɗin saye. Wannan gaɓa ta labarin za ta sake dawowa.

Ciniki bai faɗa ba tsakaninsa da Pike. Ayuba ya ƙetare kogin duk da gargaɗin mahaifinsa, ya musanya bayin da shanu. A hanyar dawowa, yana hutawa ya ajiye makamansa, wasu Mandinka suka far masa shi da tafintansa Lamin. Suka aske musu kai da gemu domin su yi kama da kamammun yaƙi, suka sayar da su ga wannan Pike ɗin dai da suka rabu da shi kwanaki kaɗan da suka wuce. Ayuba ya samu ya aika wa mahaifinsa saƙo a kawo fansa, amma Bundu na da nisa, kafin ayarin fansar ya iso jirgi ya ɗaga. An sauke shi a Anapolis, aka sayar da shi ga wani manomi mai suna Tolsey a tsibirin Kent. An fara sa shi aikin gonar taba, jikinsa da bai saba da irin wannan wahala ba ya gaza, sai aka mayar da shi kiwo.

Domin a fahimci nauyin abin da yake yi a kurmin, sai an lissafa abin da aka raba shi da shi. An raba shi da gemunsa, wanda a ƙasarsu alamar malanta da mutunci ne. An raba shi da iyalinsa, da littattafansa, da tufafinsa. An raba shi da harshe, domin babu wanda zai yi wa magana ya amsa. Sannan an raba shi da lokacinsa, wanda shi ne ainihin abin da mai sayen bawa ke biyan kuɗi a kai. Tolsey ya sayi sa'o'in Ayuba ne, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, na wannan rana da na duk ranakun da suka rage masa a duniya.

A nan ne sallah ke karo da bauta. Zikiri ana iya yin sa a zuci hannu na kan aiki, addu'a ma haka. Sallah kuwa tana da lokaci ƙayyadadde, tana buƙatar a ajiye abin da ake yi, a fuskanci wata nahiya, a sa jiki gaba ɗaya a ciki. Duk lokacin da Ayuba ya bar shanu ya shiga kurmi, yana ɗebe wani yanki daga sa'o'in da Tolsey ke ganin nasa ne, yana mayar da shi ga wanda ya yi imani shi ne mamallakin lokacin na gaskiya. Hausa ta haɗa ma'anonin nan biyu a kalma ɗaya. Ana cewa bawan wane, ana kuma cewa bawan Allah. Sau biyar a yini Ayuba yana bayyana da jikinsa wanne daga cikin biyun ya fi ƙarfi a kansa.

Fiƙihun da ya karanta ma ya shirya shi don irin wannan hali. A mazhabar Malikiyya, wadda Bundu da ƙasar Hausa suka yi tarayya a kanta, bawa ba ya cikin waɗanda Juma'a ta wajaba a kansu, haka zakka da hajji, domin waɗannan suna rataye da 'yanci ko mallakar dukiya. Salloli biyar kuwa ba su faɗi a kansa ba. Idan babu ruwa akwai taimama, idan ba a iya tsayuwa a zauna, idan an rasa mai nuna alƙibla a yi ƙoƙari a fuskanci inda zato ya fi rinjaya. Lokutan kuma a jikin rana da inuwa suke, ba sa buƙatar ladan ko agogo. Ibada ce da aka sauƙaƙa sharuɗɗanta har ta yiwu ga wanda ba shi da komai, aka kuma ƙi sauke ta daga kansa. Yaron da ke karanta Ahalari ko Ishmawi a zaure a Kano yana koyon waɗannan hukunce-hukunce kamar ba za su taɓa wuce tambayar malam ba. A hannun Ayuba sun zama abin da ya rage masa.

Ƙasar da ake watsa masa ma ba baƙuwa ba ce a tarihin da ya tashi da shi. Ɗan malami irinsa ba zai rasa sanin ranar da Ƙuraishawa suka ɗora ƙazantar cikin raƙuma a bayan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cikin sujada a gaban Ka'aba, har sai da 'yarsa Nana Faɗima ta zo ta cire ba. Ƙarshen Suratul Alaƙ kuma yana magana ne a kan mutumin da ke hana bawa yin sallah, wanda malaman tafsiri suka ce Abu Jahal ne. Mai haddar Alƙur'ani yana ɗauke da wannan sura a kansa duk inda aka kai shi. Yaron Merilan yana ganin baƙin mutum mai wasu motsi na ban dariya, shi kuwa Ayuba yana da labarin da zai sa abin da ke faruwa da shi a cikinsa. Wulaƙancin da mutum ya san sunansa da asalinsa ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda ya zo masa babu fassara.

Haƙurin dai yana da iyaka. Ayuba ya gudu. Ya bi dazuzzuka har ya isa wani yanki kusa da gaɓar Delawaya, inda doka ta ce duk baƙin da ba a san shi ba kuma ba shi da takardar izini a tsare shi. A cikin watan Yuni na 1731 wani Bature mai suna Thomas Bluett ya je ganinsa tare da wasu. Ayuba ya rubuta musu layi ɗaya ko biyu da Larabci, ya karanta, suka tsinci sunan Allah da na Annabi Muhammadu a bakinsa. Suka miƙa masa giya ya ƙi karɓa. Daga nan suka gane Musulmi ne. Aka samo wani tsohon bawa mai jin harshen Wolof ya yi tafinta, aka gano ubangidansa, aka mayar da shi. Da Tolsey ya ji dalilin gudun, sai ya ware masa wurin sallah, ya sassauta masa aiki. Ayuba bai sami 'yanci ba a wannan lokaci, amma ya sami wurin da zai kai goshinsa ƙasa babu mai watsa masa komai.

Sauran labarin ya zo ta hanyar alƙalami. Ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta bi hannu zuwa hannu har ta isa Landan, ta faɗa hannun James Oglethorpe, wani jigo a kamfanin Royal African Company, wanda kuma shi ne ya kafa yankin Jojiya. Aka fassara ta a Jami'ar Okusfod. Oglethorpe ya ɗauki alkawarin biyan fam 45 a fanshe shi. A watan Maris na 1733 Ayuba ya shiga jirgi zuwa Ingila tare da Bluett, wanda ya shaida cewa a tsawon tafiyar bai bar sallah ba, bai ci naman alade ba, kuma ba ya cin nama sai wanda ya yanka da hannunsa. A Landan wasu masu hannu da shuni suka yi karo-karo suka biya kuɗin, ya zama ɗa.

A can jarrabawar ta sauya kama. A Merilan ana watsa masa ƙasa, a Landan kuwa ana shimfiɗa masa kujera. Ya taimaka wa Hans Sloane, mutumin da tarin kayansa ya zama tushen gidan tarihi na Birtaniya, wajen karanta rubuce-rubucen Larabci. Ya gana da Sarauniya Caroline, ta ba shi agogon zinariya. Masu masaukinsa, cikin kyautatawa, suka ba shi Sabon Alkawari na Larabci da fatan zai karkata. Ya karanta shi da kyau, ya yi magana a kan Annabi Isa da girmamawa, sannan ya gaya musu cewa bai ga batun alloli uku a cikinsa ba. Matsin wanda ya ciyar da mutum ya fanshe shi yakan fi na maƙiyi wuyar turewa, domin ƙin amsa masa yana kama da butulci. Ayuba ya iya riƙe godiya da aƙida a lokaci guda. A zaman da ya yi a Ingila ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau uku, ba tare da duba wanda ya gabata ba.

A 1733 ne kuma mai zane William Hoare ya zana hotonsa. Ayuba ya yi jinkirin yarda, da ya amince kuma sai ya ce a zana shi cikin tufafin ƙasarsu. Da mai zanen ya ce ba zai iya zana abin da bai taɓa gani ba, Ayuba ya tambaye shi yadda wasu masu zane ke ƙarfin halin zana Allah, wanda babu wanda ya taɓa ganinsa. Hoton yana nan har yau: farar riga, farin rawani, da jar jaka a rataye a wuyansa. Hukumar gidajen tarihi ta Katar ta saye shi a 2009, aka kuma bayar da aronsa ga gidan hotuna na ƙasa da ke Landan.

Idan aka tsaya a nan, labarin ya zama irin na wa'azi mai daɗin ji: ya yi haƙuri, Allah ya fitar da shi. Abubuwa biyu ne suka hana a tsaya.

Na farko shi ne sauran masu sallar da babu wanda ya fanshe su. Umar ɗan Sa'idu, malami daga Futa Toro, an sauke shi a Charleston a 1807. Shi ma ya gudu daga hannun mugun ubangida, ya shiga wani coci a Karolina ta Arewa domin ya yi sallah, wani yaro ya gan shi ya je ya faɗa, aka zo da karnuka aka kama shi, ya yi kwana 16 a kurkuku yana rubutun Larabci a jikin bango. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya buɗe shi da Suratul Mulk, surar da ke tabbatar da cewa mulki a hannun Allah yake. An yi masa baftisma, masana kuma suna saɓani a kan abin da ke zuciyarsa, amma abin da babu saɓani a kansa shi ne ya tsufa ya rasu yana bawa, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, kafin a soke bauta a 1865. A tsibirin Sapelo na Jojiya, Bilali Muhammad ya bar 'yan shafuka na Larabci a kan alwala da kiran sallah, jikokin jikokinsa kuma sun riƙa tuna yadda yake shimfiɗa 'yar tabarma yana ibada a kan lokaci. Shi ma bai koma gida ba. A Bahiya ta Birazil, inda bayi Hausawa suka shirya tawaye a 1807, Musulmi suka sake tashi a watan Janairu na 1835, a ƙarshen Ramadan, samun takardar Larabci a ɗakin mutum ya zama hujjar da ake hukunta shi da ita. Ko Lamin, abokin kamun Ayuba, ya ci gaba da zama a Merilan har sai 1738, bayan Ayuba ya yi ta neman a sako shi.

Abin da ya bambanta Ayuba da waɗannan bai shafi yawan ibada ba. Shi ɗan babban gida ne mai rubutu, kuma kamfanin da ke cinikin bayi da ƙaro da zinariya a Gambiya ya hango amfanin samun aboki a Bundu. Mai imani zai ce Allah ne ya juya waɗannan sabubba, kuma hakan bai saɓa wa komai ba. Amma wanda ya mayar da 'yancin Ayuba hujjar karɓuwar sallarsa, ya yanke wa Umar da Bilali hukuncin da ba shi da ikon yankewa. Sallah ba ciniki ba ce da ake biya a karɓi kaya a nan take. Da Ayuba ya mutu a tsibirin Kent ba wanda ya san sunansa, da sujadarsa a kurmi tana nan da nauyinta.

Na biyu ya fi ɗaci. Ayuba ya sauka a Gambiya a watan Agusta na 1734, a sansanin da ke tsibirin James, wanda yanzu ake kira tsibirin Kunta Kinte. Wani ma'aikacin kamfanin mai suna Francis Moore, wanda ya yi tafiya tare da shi, ya rubuta cewa Ayuba ya sayar da wasu daga kyaututtukan da ya zo da su, ya sayi dawakai biyu da baiwa ɗaya. Mutumin da ya san ɗacin askin dole, da cikin jirgi, da gonar taba, ya koma ya sayi mutum. Ya yi fafutukar ganin an bar Musulmin da aka kama su fanshi kansu, amma bai ƙi tsarin gaba ɗayansa ba. Tarihi ya riƙe sunansa da na kyaftin da na mai zane, bai riƙe sunan bayi biyun da ya kai kasuwa a 1731 ba, balle na matar da ya saya a 1734.

Za a iya cewa ɗan zamaninsa ne, kuma gaskiya ne, domin a lokacin ƙalilan ne a Afirka ko Turai ke ganin bauta abar ƙi ce daga tushe. Amma wannan bayani ne, bai zama wankewa ba. Abin da ya fito fili shi ne mutum na iya tsayawa kan sallah tsayuwar da wulaƙanci da kyautatawa duk suka kasa kayar da ita, ya kuma kasance akwai zaluncin da idonsa bai gani ba saboda kowa a kewayensa ya ɗauke shi daidai. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Riƙo da ibada yana tsare mutum daga narkewa a hannun masu ƙarfi. Ganin haƙƙin wanda ke ƙasa da shi kuwa wani aiki ne da sai ya sa kansa, kuma sallar da aka ce tana hana alfasha da abin ƙi tana buƙatar mai yin ta ya yarda ta bincike shi.

Wanda ke karanta wannan a ofis a Abuja, ko a asibiti a Manchesta, ko a jami'a a Yamai, ba ya cikin halin Ayuba, kuma kwatanta su kai tsaye rashin adalci ne ga wanda aka sayar. Duk da haka tambayoyin biyu suna nan. Ta farko takan zo ne a siffar taron da aka sa daidai lokacin Azahar, ko kallon abokin aiki, ko kunyar tashi a gaban manya, wato tambayar wane ne ke da iko da sa'o'in mutum. Ta biyu tana jira a gida, a wurin yarinyar aikin da ba a sa ta makaranta ba, da direban da albashinsa ya yi wata biyu bai fito ba, da mai gadin da ke tsaye a ƙofa yayin da maigida ke sahun farko. Mai sallar da ya amsa ta farko da kyau bai kuɓuta daga ta biyu ba.

Ayuba ya isa Bundu ya tarar mahaifinsa ya rasu, ko da yake labarin cewa ɗansa na raye ya riske shi kafin rasuwar. Ɗaya daga matansa ta yi wani aure, ya ce bai ga laifinta ba, domin ƙasar da aka kai shi babu wanda ya taɓa dawowa daga cikinta. Ya rayu kusan shekara 40 bayan haka, ya rasu a 1773. Littafin da Bluett ya wallafa a kansa a 1734 yana cikin labaran farko da aka buga na wani ɗan Afirka da ya shiga bautar Amurka ya fita. A cikinsa an ba da shafuka ga Landan da manyan da suka karɓe shi, batun kurmin tsibirin Kent kuwa 'yan layuka ne kawai, kuma ba a faɗi sunan yaron ba.